Gurbin Amshi

A farkon daminar bara ne tsohon mawaƙin nan ya fitar da sabon kundinsa. Sabo ne a suna kawai, don tsofaffin waƙoƙinsa ya koma ya sake rerawa, waɗanda ya yi tun ina 'yar firamare ina bin yayyena kallo a gidan maƙwabta. Kafin a ankara Kaura Namoda ta cika da shi. Masu cajin waya sun kunna, masu shayi sun kunna, ko ta bakin kasuwar hatsi ka bi sai ka ji shi yana fitowa daga aljihun wani ɗan dako. Kowa da abin da yake faɗa a kai. Ni kuwa ranar da na ji labarin gabana ne ya faɗi, saboda waƙa ɗaya da ke ciki.

Waƙar ta mutum biyu ce, irin ta wancan zamani, namiji ya faɗa mace ta amsa. Shi zai ce, "Ina zakuwa." Ita kuma ta ce, "Ina nan inda ka bar ni." Mawaƙin ɗan wajenmu ne kafin ya koma Kano, shi ya sa ya ce zakuwa bai ce zuwa ba, kuma saboda wannan kalma mutanenmu suka riƙe waƙar kamar a tsakar gidansu aka haife ta. A wurinmu in mutum ya tsaya bakin ƙofa ya ce yana zakuwa, ba sallama ya yi ba. Cewa ya yi kada a rufe ƙofa, kada a kwashe masa tuwo, yanzu zai dawo.

Yayana direba ne, yana jigila tsakanin Kaura da Shinkafi, wani lokaci ya leƙa Zurmi. Shi ne ɗan farin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunansa ba. "Direban nan" take cewa, ko ta ce "wancan", tana kallon wani wuri. Da ya yi aure ya kawo mana wata 'yar Katuru mai yawan dariya, wadda ba ta girme ni da wani abu ba, sai waƙar ta zama tasu. Kullum da safe zai tsaya bakin zaure yana juya makulli a yatsa, ya rera, "Ina zakuwa." Ita kuma daga madafi, cikin hayaƙi, ta amsa ƙasa-ƙasa don kunyar Inna. Ba ta san muryarta tana fita ba. Inna takan ci gaba da jan carbinta, sai motar ta tashi sannan ta ce, "Wanga gida dai ya koma gidan biki." Amma na sha ganin gefen bakinta yana motsi.

Wata ranar kasuwar Shinkafi ya rera, ta amsa, ya fita. Da yamma aka tarar da motar a gefen hanya, ƙofofi a buɗe, babu kowa. Iyalan wasu fasinjojin an kira su a waya daga daji. Mu ba a taɓa kiranmu ba. Kawunnanmu na Zurmi sun bi duk wanda aka ji ya kuɓuto, suna kwatanta shi: dogo, mai wushirya, mai yawan waƙa. Wani ya ce kamar ya gan shi, wani ya ce bai gan shi ba. Daga nan labari ya tsaya, mu ma muka tsaya tare da shi. Babu wanda ya hana kunna waƙar a gidanmu. Daina jinta kawai aka yi.

Matar Yaya ta zauna. Ta daina lalle, ta daina dariyar nan da ake jiyowa tun daga zaure. 'Yan matan da aka yi bikinsu lokaci ɗaya da ita suka yi ta zuwa da goyo suna gaishe ta, ta karɓi jaririn ta yi masa wasa, in sun tafi ta shiga ɗaki ta daɗe. Da shekarun da malamai suka ce a jira wanda ya ɓata suka cika, mahaifinta ya taso daga Katuru, ya zauna a zaure ya yi magana cikin ladabi. Ya ce ba gajiya suka yi da mu ba, amma yarinya ce, kuma alƙali zai iya warware auren ta yi idda ta fuskanci rayuwarta. Ita kuwa ta ce ba za ta taka ƙofar nan ba sai Inna ta sallame ta da bakinta. Aka juya wurin Inna. Idonta a kan tabarma ta ce, "Ya ce shina zakuwa." Dattijon ya sa takalmansa ya koma. Ya sake dawowa bayan girbi, amsar ba ta canza ba.

A haka muke kundin ya fito.

Farkon jina da shi a cikin keke napep ne, ina dawowa daga makaranta. Mu uku ne a baya: ni, da wani dattijo rungume da ƙullin gero, da wata 'yar kudu mai sayar da kayan miya wadda kowa ke kira Madam. Mai napep ɗin ya ƙure sauti. Da aka zo wurin, sai na ji mawaƙin ya ce, "Ina zuwa."

Dattijon ya zabura har geron ya kusa zamewa. "Mi yac ce? Zuwa? Mutumin da anka yanke ma cibiya nan ƙasarmu shi ka ce muna 'zuwa'?"

"Baba, Kano ta cinye shi," in ji mai napep. "Ya sha shayi da madarar gwangwani, ya mance hura."

"Kai dai dubi gabanka. Ramin ga da kaka nufa ba waƙa ba ne."

Madam ta gyara zama ta ce, "Ni dai ina so. Da can ba na gane abin da yake faɗa, yanzu na gane."

"Ashe don ke anka canza, Madam! To ki biya mu kalmarmu."

"In biya ka da tattasai?"

Suka yi dariya, har dattijon. Sai mai napep ya ɗaga yatsa ya ce, "Ku saurara, ga babbar ɓarnar." Muka saurara. Bayan "ina zuwa", inda macen take amsawa a da, babu kowa. Fiyano ne kawai yake tafiya a hankali, daidai tsawon maganarta, sannan ya sake shigowa.

"Ina matar?" in ji dattijon.

"An ce aure tay yi, mijin ya hana."

"Ni an ce mini ta rasu," in ji Madam.

"To shi samo wata mana. Mata sun ƙare a Kano?"

Babu wanda ya tambaye ni, na kuma gode wa Allah. Na sauka tun kafin a kai layinmu, na ƙarasa da ƙafa.

A zauren 'yan ajinmu na waya ma maganar ke nan har kwanaki. Wata ta ce muryarsa ta dushe kamar ta mai azumi, ya kamata ya bar wa yara filin. Wani ya ce na'ura ce ta riƙe shi, in an cire ta ba zai kai ƙarshen baiti ba. Wata kuma, wadda ba ta cika magana ba, ta ce ita ta fi son wannan, don da can yana rerawa ne kamar wanda ya haddace, yanzu kuwa kamar wanda abin ya same shi. Aka yi mata ca. Na rubuta nawa ra'ayin na goge, na sake rubutawa na goge. Abin da na lura da shi ba na gardama ba ne. Zuwa ta fi zakuwa gajarta, kiɗan kuwa bai canza ba, don haka dole ya ja kalmar ta cike wurin. Yana janta muryarsa tana rawa, kamar mutumin da yake alƙawari alhali shi kansa bai tabbata ba. A ƙarƙashin dalbejiyar bayan ajinmu na saurare shi ni kaɗai da abin kunne, rana tsaka, na yi kukan da na daɗe ban yi ba.

Sai na ɗaura niyyar hana waƙar shiga gidanmu. Kalmar nake tsoro. Inna ta rataya shekarunta a kan "zakuwa", ga shi mai kalmar da kansa ya janye ta. Na riƙa murɗa rediyo zuwa tashar wa'azi tun da safe. In mai rake ya tsaya a ƙofar gida da wayarsa tana waƙa, in fita in saya da sauri don ya wuce. Matar Yaya ta lura. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Malama, wa'azin ga da kika tsare mu da shi, miji kika nema ga malamai?" Na yi dariya, na ji daɗin ta tsokane ni, don ta daɗe ba ta yi ba. Ban gaya mata dalili ba.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne bikin 'yar maƙwabtanmu. Ranar wuni, bayan la'asar, ruwa ya ɗauke ke nan, ƙasa tana ƙamshi, indararo yana ɗiga. Muna tsakar gida mu uku. Inna tana tsinke zogale a faifai, matar Yaya tana wanke-wanke a bakin rijiya, ni ina riƙe da littafi ba na karantawa. Aka jona sifika a bayan katanga. Kiɗan farko kawai na ji na gane. Na miƙe, amma ban san inda zan nufa ba. Ba a rufe katanga.

Ya ce, "Ina zuwa."

Na kalli Inna. Hannunta bai tsaya ba, ko gira ba ta ɗaga ba. Fiyano ya shiga gurbin nan shi kaɗai. Sai daga bakin rijiya, ƙasa-ƙasa, daidai kan kiɗa, na ji an ce, "Ina nan inda ka bar ni."

Kanta a sunkuye yake, tana cuɗa tukunya da toka. Ba ta san ta yi ba. Ya sake faɗa, ta sake amsawa, da muryar nan ta madafi, ta safiya, wadda na ɗauka ta tafi tare da shi. Sai a na gaba ta ji kanta. Ta tsaya a tsakiyar kalma, ta kai jiƙaƙƙen hannunta ta toshe baki, toka ta shafe mata haɓa.

Inna ta ajiye faifan a hankali. Waƙar ta ci gaba, gurbin yana zuwa yana wucewa babu kowa a ciki. Mun saurare shi har ƙarshe, mu ukun, babu mai motsi. Da aka sa wata, mata suka yi guɗa a bayan katanga, sai Inna ta ce, "Ɗiyata."

"Na'am, Inna. Ki gafarce ni, bakina ne ya..."

"Na jiya. Ita mai amshin ina ta tahi?"

Ni na amsa. Na ce ba a sani ba, wasu sun ce aure, wasu sun ce rasuwa.

"Ko ma mi ne ne, mawaƙin bai aje ta nan tana faɗin abu guda ba." Ta share ganyen da ya manne mata a zane. "Ni ban iya kuka nai gaban mutane, ɗan fari na. Sai na aje ki kina yi mini. Ban kyauta ba."

Matar Yaya ta taso ta durƙusa a gabanta tana girgiza kai. Inna ta sa gefen mayafinta ta goge mata tokar. Sannan ta ɗaga hannu ta yi addu'a, in yana raye Allah ya sassauta masa inda yake, in ya riga mu Allah ya jiƙansa. A cikin addu'ar ta kira sunansa, cikakke, kamar yadda aka raɗa masa. Ban taɓa jin sunan da muryarta ba. Ya fito mata da ƙyar, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

Ta juyo gare ni ta ce, "Ke mai waya, kira Katuru. Ki ce in hanya ta yi kyau su zaka."

Sun zo bayan an gama maganar alƙali. Da hantsi ne, lokacin da motoci suke haɗuwa su tafi a jere. Na taya matar Yaya ɗaure kayanta, ta bar mini madubinta da wani ɗan kwano mai fure da ta san ina so. Ta ce, "Malama, in kin samu mijin ki aiko, ni ka yi maki lalle." Muka yi dariya muna share hawaye. A bakin zaure, daidai inda yake tsayawa da makullinsa, ta juyo ta durƙusa, ta ce, "Inna, ina zakuwa."

"A'a," in ji Inna. "Kada ki ce haka nan. Ce kin tahi."

Ta daɗe a durƙushe. Mahaifinta yana jira a waje, mota tana ƙugi.

"Na tahi, Inna."

"Allah shi kiyaye hanya. Allah shi ba ki na kirki."

Inna ta koma ciki ba ta tsaya ganin tashin motar ba. Da yamma na ga ta kwashe tuwo kwano biyu, nawa da nata, ta tsaya da mara a hannu tana kallon ragowar da ke cikin tukunya. Ta ce in kai wa maƙwabta.

Har yanzu ana gardamar kundin a gari, ko da yake ta yi sanyi. Kwanan baya wata ƙawata ta tsare ni a hanyar makaranta, wai ni da nake son waƙa ban taɓa faɗin nawa ba, tsohon ya fi ko sabon? Na ce mata ban gama saurare ba. Gaskiya na faɗa. Duk inda na ji ta, a napep ko a shagon caji, ba na iya bin baitocin. Gurbin nake jira, in ya zo in kama leɓena da haƙori har ya wuce.