Murjanin Hajiyar Makwabta

Innarmu mace ce da ba ta iya ganin abu ya dushe ta ƙyale shi. Tasa, tire, butar shayi, duk sai ta bi su da lemun tsami da toka. Haka ta taso da shi tun daga Kano, ni kuwa wannan hali nata ya sha ƙona mini rai.

Lokacin bikin ƙanwata, makwabciyarmu a unguwar Bolori, wata tsohuwa Babarbariya da muke ce wa Hajiya, ta ba da aron abin wuyanta. Murjani ne manya, jajaye, an raba tsakaninsu da ƙwallayen azurfa, sai dutsen lantana biyu a ƙarshe. Na kakarta ne. Shi kaɗai Hajiya ta ƙulle a bakin zane ranar da fitina ta kore su daga garinsu. Ta taɓa gaya mini cewa a gidansu an yarda murjani ya san jikin mai shi: idan ya koɗe, to mai shi ta fara haɗa kayanta na barin duniya.

Da aka watse daga biki, Inna ta ce ai kunya ce a mayar da kayan mutane azurfarsa ta yi baƙi. Ta matse lemun tsami a kwano, ta tsoma shi, ta shiga sallamar baƙi. Ni na tarar da kwanon yana ƴan kumfa. Azurfa ta fito fes, lantana ko a jikinsa, shi dutse ne na gaske. Murjani kuwa, ashe abin teku ne, danginsu ɗaya da ƙwanso, tsami cin sa yake yi. Ya yi fari-fari, ya yi kaushi kamar dafaffen ƙashi.

Faɗan da na yi wa Inna ranar, Allah ya yafe mini. Muka shafa man shanu, muka goga da tsumma, jan ya ɗan dawo, da ya sha iska ya sake koɗewa. Inna ta ce mu naɗe shi a ƙyallensa mu miƙa, tsohuwa idonta ya yi rauni. Na ce wallahi ba da ni ba. Amma na bi ta, don tsoro nake ji.

Mun sami Hajiya a tabarma tana ta tari, ga kaskon turaren wuta a gefe. Ta yi mana wushe, sannun Barebari, ta karɓi ƙullin. Ba ta ma duba ba, yatsa ta bi da shi, sai hannunta ya tsaya. Ta matsa bakin ƙofa ta ɗaga shi a haske. Ta daɗe tana dubawa.

Ta ce a hankali, “To. Alhamdulillahi. Ya faɗa mini.”

Na take wa Inna ƙafa. Inna ta durƙusa, ta faɗi komai: lemun tsamin, kwanon, man shanun. Ta ce a tsine mata ma ta yarda, amma kada Hajiya ta sa wa ranta wani abu.

Hajiya ta yi murmushi, ta dafa kafaɗarta.

“Ƙanwata, Allah ya saka da alheri. Amma kada ki ɗora wa kanki laifi don ki kwantar mini da hankali. Na Innata ma haka ya yi.”

Na rantse mata. Na ce zan kawo kwanon ta gani da idonta. Ta ce na cika surutu kamar kullum, in zauna in sha shayi.

Washegari ta aiko wa Inna da tukwanenta na turare, ta ce a raba wa yara, ita ta gama da su. Tun daga ranar ban ƙara ganin lemun tsami a madafin Inna ba.