Ƙafar Baba da Almakashin Bakatsine

A shekarun da Jalingo ta zama babban birnin jiha, ina koyarwa a wata firamare a Turaki, ina zaune da iyayena a Barade. Babana manomin doya ne, gonarsa tana hanyar Kona, kuma a wurinsa takalmi kayan zuwa coci ne kawai. Ranar Lahadi zai sa, da an ce amin ya cire ya riƙo abinsa a hannu. Tafin ƙafarsa ya yi kanta, ta yadda in ya taka ƙaya, ƙayar ce ke shan wahala. Shi yana alfahari da haka, mu kuma kunya muke ji.

Kowace Asabar da hantsi wani mai yankan farce, Bakatsine, yakan zo ƙofar gidanmu. Tun daga kan kwana ake jin almakashinsa, kyas-kyas. Baba ya fito da kujera, ya miƙa hannu, sannan ƙafa. Mutumin yakan bi gefen farcen ya ƙwaƙule lungunsa har ya yi zagaye, don haka kowa yake so, sannan ya sa aska ya fere kantar. Aikin ba ya daɗewa. Hirar ce ke kai su azahar: tsadar taki, ruwan bana, wa ya mutu, wa ya yi aure. Baba ba mai yawan abokai ba ne, amma ranar Asabar har maƙwabta suna jin dariyarsa.

Wata damina babban yatsansa na dama ya kumbura, farcen ya nutse cikin nama. Ya ɓoye mana, sai Mama ta ga ƙudaje suna bin ƙafar. Da na duba, wurin ya yi mugunya, gefensa ya fara baƙi.

"Ba ya zafi," in ji Baba. "Ka bar shi, zai warke."

Haka Hausarsa take, kowa "ka" ne, har ni 'yarsa. Amma maganar ta tsorata ni, don an riga an gaya mana yana da ciwon suga, kuma ban taɓa ganin ciwo irin wannan da ba ya zafi ba. Ni kuwa ba ni da haƙuri. Na tare acaɓa, na tsaya a kansa ina masifa har ya hau.

A asibiti wata nas ce ta karɓe mu, dattijuwa Bafulatana mai kula da ɗakin wanke ciwo. Ta wanke ƙafar a kwano, ta ce ya rufe ido, ta riƙa taɓa tafin da wani siririn tsinke tana tambayarsa ko ya ji. Bai ji ba. Likita ya zo ya duba, ya ce ba zai yi mana alkawari ba: in maganin bai kama ba, sai an yanke yatsan. Aka yi masa allura, aka cire ɓangaren farcen da ya shige, aka matse mugunyar. Nas ɗin ta zauna ta rage kantar a hankali, sai ga wani ɗan miki a ƙarƙashinta wanda babu wanda ya san da shi.

"Baba, daga yau babu aska a ƙafar nan," in ji ta. "Farce a miƙe ake yanke shi, ba a shiga lungu, kuma ni zan riƙa yankewa. Takalmi kuma har gona."

Baba ya dubi nas ɗin ya ce, "'Yata, takalmi na ji. Amma Bakatsine fa? Mutum ya zo ƙofana, in ce masa me?"

Na buɗe baki zan ce ana maganar yatsa yana maganar mai almakashi, sai nas ɗin ta riga ni. Ta ce a kawo mata shi.

Ranar wankin ciwo na gaba muka tafi tare da Bakatsine, ya ci farar riga kamar mai zuwa kotu. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta kwance bandejin, ta nuna masa mikin, ta ce ƙafar Baba ta daina kai ƙara, ko an yanke ta ba za ta faɗa ba, don haka tana bukatar ido.

"Hannu naka ne, Malam, ƙafa tawa ce. Amma ka riƙa duba mini ita."

Ya daɗe yana kallon yatsan. "Wallahi ban sani ba, Sista," in ji shi. Har na ji tausayinsa.

Kafin a haƙe doya ciwon ya rufe, yatsan ya tsira. Baba ya shiga gona da takalmin roba, abokan noma suna kiransa Babban Sakatare. Duk wata in kai shi wurin nas ta yanke farcen ƙafa ta rage kanta, yana ba ta labarin gona. Asabar kuwa ba ta canja ba. Bakatsine ya gama da hannu, ya sa almakashi a aljihu, ya cire wa Baba safa da kansa, ya leƙa tsakanin yatsu, ya shafa basilin a dunduniya. In ya ga wani wuri ya yi ja sai ya ce, "Maigida, gobe sai Sista." Ni in na faɗa gardama ce, shi in ya faɗa an gama. Ina son waɗannan Asabar ɗin, nakan zauna kusa ina tsince shinkafa don in ji su.

Baba ya daɗe bayan haka, tsufa ne ya ɗauke shi. Bakatsine ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarma cikin mutanen coci. Da zai tafi ya kira ni gefe.

"Malama, in tambaye ki mana. Ƙafar fa?"

Na ce lafiya lau, da yatsunsa duka ya tafi.

Ya ce alhamdulillahi, ya share fuska da bakin riga. Asabar ta gaba na hango shi ya wuce ta kan kwanarmu, almakashin yana cikin aljihu.