Ranar da Baba Ya Zo Don Ya Cire Ni daga Lakwal

A zamanin soja na yi ajin ƙarshe na lakwal, wato firamare, a Filingue. Malaminmu, wanda muke ce wa Mushe kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, dogo ne mutumin Imanan, kuma shi ya kawo mana wasan kasuwa. Duk ƙarshen mako sai ya fitar da mu gindin gawo ya raba mu: ga manoma, ga makiyaya, ga 'yan kasuwa. Rairayi a gwangwanin tumatir shi ne hatsi, shanunmu na yumɓu, marufan kwalba kuɗi. Ana tsakiyar ciniki sai ya buga hannu ya ce bana ruwa ya ɗauke, ko fara ta sauka a gonaki. Nan take farashi ya birkice, kowa ya nemi mafita.

Labari ya kai wa mahaifina, makiyayi, cewa wasa kawai muke yi. Ya tako daga ruga da sandarsa don ya maida ni gida kiwon maruƙa. Ya tarar da ni zaune gaban shanuna na yumɓu, Mushe ya sanar da fari, ni kuwa na rasa abin yi.

"Mi ke nan?" in ji Baba.

Mushe ya gaishe shi, ya ba shi kujerarsa, ya yi masa bayani. Baba bai zauna ba. Ya tsuguna kusa da ni, ya daɗe yana kallon garken.

"Ɗiyata, saida bijimin nan tun yana da ƙiba, ki sayi hatsi. Karsana kuwa kar ki taɓa ta."

Na bi maganarsa. Wani ɗan ajinmu ya taya bijimin da arha, sai Baba ya harzuƙa, ya shiga cinikin da kansa har hularsa ta faɗi. Yara suna ta dariya, shi ma daga baya ya dara.

Da aka tashi ya ce wa Mushe, "Ashe abin da muke sha a daji kuke koya musu." Ya koma ruga shi kaɗai, bai ƙara zancen cire ni ba.

Na ci jarrabawa, na wuce kwaleji. Bayan mulki ya koma hannun farar hula aka tura ni Abala koyarwa. Da na je yi wa Mushe sallama na same shi ya tsufa, ido ya yi rauni. Na durƙusa na yi masa godiya, ya sa mini albarka, ya tambayi lafiyar Baba.