Shekarar da Yajin Kaka Ya Ƙi Sa Atishawa

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta daka yaji. Ban gan ta ba, akwai katanga tsakaninmu, amma atishawa ta kama ni har sau uku a jere. Na ajiye tsintsiya ina dariya ni kaɗai, don nan take na tuna da Kakata, da wata ɓarna da na yi mata ina 'yar shekara tara.

Ƙauyenmu yana ƙasar Goronyo, ba nisa da madatsar ruwa. Na yi wayo daidai lokacin da ruwan dam ya fara isa gonaki da rani. Kafin nan sai dai a ja ruwa da jigo a bakin fadama, kowane guga da guminsa. To sai ga ruwa yana zuwa da kansa, ka kau da 'yar ƙasa da fartanya ya shige maka fangali. Mutanenmu kamar su zuba ruwa a ƙasa su sha don murna. Baba ya dasa albasa, ya yanka wa Kaka fangali huɗu a can ƙarshen lambu, aka dasa mata barkononta.

In ana maganar yaji, ba a haɗa Kaka da kowa a yankinmu. Ranar da za ta yi daka, kowa ya san inda zai nufa. Inna ta goya jariri ta tsere maƙwabta, kaji su watse, Baba ya tuna yana da zance a ƙofar masallaci. Ita kuwa ko gezau, tana daka tana kiranmu ragwaye.

A shekarar ne Gwaggo, autar Kaka, take da cikin fari a gidan mijinta a Wurno. A al'adarmu dangin mai haihuwa ne suke kai yajin jego ranar suna, wanda za ta riƙa ci har ta yi arba'in. Dangin miji sukan ɗanɗana, kuma abin da harshensu ya gaya musu, shi za su yi ta faɗa a kan gidanku shekara da shekaru. Kaka ta ci alwashin sai mutanen Wurno sun yi hawaye.

Abin da ban sani ba shi ne barkono yana son horo. In ya fara nuna, a toshe masa ruwa ake yi, a bar shi da ƙishirwa, don a nan zafinsa yake taruwa. Ciwon gwiwa ya hana Kaka zuwa lambu, sai ta gargaɗi Baba kada ya kuskura ya ba shi ko ɗigo. Ni ban ji wannan gargaɗi ba. Kullum in na kai wa Baba fura, sai in ga albasarsa kore shar, barkonon Kaka kuwa ya yi yaushi ya sunkuyar da kai, ga ruwa yana wucewa ta gefensa. Tausayi ya kama ni. Sai in faki idon Baba, in sa dunduniya in buɗe bakin fangali, in ya sha ya ƙoshi in mayar da ƙasa in shafe sawuna. Na fi mako biyu ina wannan aikin lada, ina jin kaina wata babba.

Barkono ya fito ɓul-ɓul, ja wur. Aka tsinko aka shanya, sai ga albishir daga Wurno, Gwaggo ta sauka lafiya, an sami namiji. Ana saura kwana uku suna Kaka ta fito da turmi, ta jera citta da kanumfari da masoro da kimba. Kowa ya gudu kamar kullum. Taɓarya ta yi ta sauka, shiru, ba tari ba atishawa. Can sai kaji suka dawo suna kiwo a gindin turmi.

Kaka ta lakata ta sa a harshe. Ta sake lakata.

“Wanga ba barkono ba na,” in ji ta. “Wa yab ba shi ruwa?”

Aka kira Baba ya yi ta rantsuwa, ya ce duk wanda ya kama da wannan aiki sai jikinsa ya gaya masa. Da ya fita na bi Kaka ɗaki, na durƙusa na ce ni ce.

“Don mi?”

“Na ga ƙishirwa yake ji.”

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta yi dariya har ta riƙe gwiwa. “Ke ƙawata, tausai gare ki, hankali na babu. Yi kurum, kar ubanki shi jiya.”

Akwai wata malamar asibiti a garinmu, Kirista ce daga kudancin Kaduna. Ta zo da irin wani ɗan mitsitsin barkono daga garinsu, ta shuka a fasassun tukwane bayan ɗakinta, aiki kuma ba ya barin ta ta ba shi ruwa sosai. Kaka ta sha tsokanarta cewa wannan ai abincin tsuntsaye ne. Ranar nan Kaka, wadda ba ta taɓa roƙon kowa barkono ba, ta yafa mayafi ta dogara sanda har ƙofar Malama.

“Mama, ɗauki duka,” in ji Malama, ta tsuguna tana tsinka da kanta.

Ɗanye ne, ga lokaci ya ƙure, sai Kaka ta gasa shi a busasshen kasko, ya wuni a rana, washegari ta haɗa da na turmi. Bugu uku aka yi gida ya hargitse. Inna ta fita da gudu ba ɗankwali, maƙwabta suna tari suna tambayar ko lafiya. Ni kuwa ina hawaye da majina, ban taɓa jin daɗin atishawa irin na ranar ba.

Ranar suna a Wurno, uwar mijin Gwaggo ta dangwala nama a yajin a gaban mata. Idonta ya kawo ruwa, ta nemi buta, mata suka ɗauki guɗa. Da ta sami numfashi ta ce wa Kaka, “Lalle abin da anka hwaɗi gaskiya na, hannunki ba na wasa ba na.”

Wannan yabo shi Kaka ta yi wata da watanni tana jira. Amma sai ta girgiza kai.

“Zahin na Malamar asibitinmu na. Nau bana ya sha ruwa. Tsuhwa ta sa ni cika mai ruwa.”

Tana faɗa tana matse mini hannu a ƙarƙashin mayafi.

Daga ranar mata suka koma neman iri wajen Malama, aka kuma fara cewa hannun Kaka ya fara sanyi. Ta ji da kunnenta, ta yi dariya, ba ta taɓa gyara zancen ba. Yanzu barkono ya cika kasuwannin Goronyo rani da damina, manya-manya, an kuma koma kai yaji injin niƙa. Malama ta daɗe da komawa garinsu, amma ɗan mitsitsin nan yana nan a bayan ɗakuna, ana ce masa barkonon Malama. Kaka ta rasu, Baba ma ya bi ta, ya tafi yana zaton mahaifiyarsa ce ta lallaɓa lambu ta ɓata barkononta da kanta. Shekara kusan arba'in ke nan ina riƙe da bakina. To yau na faɗa, kowa ya ji: hannun Kakata bai taɓa sanyi ba, ni ce na buɗe ruwan.