Akwatin da Inna ke jingina da shi

Shekara takwas ke nan da muka rasa yayana Haliru, kafintan da ke da rumfa a bayan kasuwar Goronyo. Duk shekara idan watan ya zagayo sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro in ajiye. Bana maigidana ne ya tsokano ni. Ya dawo daga Sakkwato da wasu 'yan lasifikoki masu sheƙi, ya jera su a falonmu na Rabah, ya ce daga yau kallon fim za mu riƙa yi kamar a silima. Ya kunna. Wata mota ta yi bindiga a cikin fim ɗin, ƙarar ta fito kamar an yar da faranti. Na yi dariya har da hawaye, kuma hawayen ba duka na dariya ba ne, domin na san abin da Yaya zai yi da yana nan. Zai ƙwanƙwasa jikin abin da yatsa, ya kara kunne, ya taɓe baki ya ce, "Wanga bai da ciki."

Gadaje da kujeru ne suka ciyar da iyalinsa, amma akwatin lasifika ne ya ci zuciyarsa. Masu gidajen kallon ƙwallo daga Gandi har Wurno sun san shi, haka ma'aikatan da ke son falonsu ya girgiza idan an kunna fim. Abin da ya ƙware a kai shi ne akwatin babbar lasifika mai fitar da amo mai kauri, wanda samari ke kira bes, irin wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Ya sha gaya mini, ko ban tambaye shi ba, cewa lasifikar ba komai ba ce sai da iskar da ke rufe a bayanta. Idan cikin akwati ya yi kaɗan, murya ta shaƙe. Idan ya yi yawa, takardar lasifika ta rasa abin da zai riƙe ta, sai ta yi ta lilo kamar fatar gangar da ta saki. Ni malamar firamare ce, na saba da yi wa mutane bayani, ban saba a yi mini ba, don haka yawanci gyaɗa kai nake yi hankalina yana wani wuri. Wannan rashin saurare ya kusa jawo mana asarar da ba a mayarwa.

Mahaifinmu fataucin albasa yake yi zuwa Kudu. A tafiyarsa ta ƙarshe ya daɗe, sai ya yi abin da fatake ke yi a lokacin: ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba direba ya kawo gida. Gaisuwa ce kawai da 'yan saƙonni, a gai da wane, a kula da akuya mai ciki, sai ɗan wasan da yake yi wa Inna yana kiran ta 'Yar Wurno. Bai dawo ba, can Allah ya karɓi abinsa. Inna ta riƙe kaset ɗin nan, tana kunnawa jefi-jefi, har shekarar da wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita ya tafi da jinta. Bayan nan sai an kafa baki a kunnenta an ɗaga murya sosai take tsintar magana. Ta naɗe kaset ɗin a ƙyalle ta sa a ƙasan kwalla, ba ta sake maganarsa ba. Mun san tana ciro shi idan tana tsammanin ba mai kallo.

Yaya ne ya lura da abin da mu ba mu lura ba. Inna ba ta jin sallama, amma tana sanin babbar mota ta wuce. Ba ta jin kukan jikokinta, amma idan maƙwabta suka fara daka sai ta ce an makara da tuwo a gidan wane. Wata rana ta leƙa rumfarsa yana gwada wani akwati, ta dafa shi da hannu, ta janye da sauri tana salati. Daga ranar ya ƙudura cewa zai yi mata nata, ya mayar mata da muryar mijinta ta baya, tunda kunne ya ƙi.

Bai yi shi murabba'i irin na kasuwa ba. Ya karkatar da fuska ɗaya yadda mutum zai zauna a tabarma ya jingina, lasifikar kuma ya nufe ta da gefe. Wannan karkatar ce ta rikita masa lissafi, shi da ma lissafin takarda ba abokinsa ba ne. Takardar da ta zo da lasifikar ta faɗi lita nawa na iska take so. Sai ya ɗauki tiya, kwanon awon hatsi, ya auna ta da kwalbar ruwa, ya gano tiya goma sha shida yake bukata. Ya haɗa gindi da bango huɗu, ya bar bangon da tsawo, da niyyar ya zuba gero tiya goma sha shida, inda geron ya tsaya ya ja layi ya yanke. Na zo hutu gida a lokacin da goyon ɗana na fari. Yana shirin awo aka aiko kiransa, ƙofar wani shago ta ɓalle ranar kasuwa. Ya miƙo mini tiya da fensir.

"Kulu, goma sha shidda. Ki baje shi, ki ja layi."

Ya faɗi wani abu kuma daga bakin ƙofa, na ce masa to, alhali ban ji abin da ya ce ba.

Inna mai awo ce, shekara da shekaru tana sayar da gero da shinkafa a cikin gida, kuma a gabanta na koyi riƙe tiya. A wurinta awo shi ne a cika har ya yi tozo, a tare da hannu kada ya zube, in an gama a ƙara gyara. Mace mai shafe bakin tiya, a ganin Inna, ba ta da albarka a hannu. Hannuna bai tambaye ni ba. Na auna goma sha shida masu tozo, na ƙara tafi biyu na gyara, na baje, na ja layi mai kyau irin na malaman makaranta, ina jin daɗin kaina.

Kwana tara ya yi a kan akwatin. Falanki mai kauri ya sa, ya bi kowace mahaɗa da gam kafin ya ɗaure da sukuru, ya gicciya katako a ciki don kada bango ya yi rawa, ya shimfiɗa audugar rimi. Ya kwafe muryar Baba a sabon kaset don kada tsohon ya tsinke. Ranar gwaji, bayan la'asar, muka zaunar da Inna a inuwar rumfar tsakar gida, ta jingina tana kallonmu da alamar tambaya. Da ta ga tsohon ƙyallenta a hannun Yaya sai ta gane. Fuskarta ta canza, ta gyara ɗankwali kamar mai jiran baƙo.

Aka kunna. Mu mun ji Baba, amma abin da ke fita daga akwatin wani irin ɓarɓarniya ne maras kan gado, takardar lasifika tana kaɗawa a banza. Inna ta rufe ido, ta daɗe tana jira. Sannan ta miƙe, ta karɓi ƙyallenta.

"Injin niƙa nij ji," in ji ta. "Na haƙura tun tuni, kun zo kun tono. Kak ku ƙara yi man haka."

Ta shiga ɗaki ta saki labule. Yaya ya kashe kaset ɗin. Mun san halin Inna, idan ta ce kada a ƙara to an rufe maganar, kuma mu ne muka sa ta gyara ɗankwali a banza.

Kwana uku yana neman laifin. Ya bi mahaɗun da gashin kaza ko iska na fita, bai samu ba. Ya canza waya, ya ari wata amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, duk ɗaya. A rana ta huɗu ya kwance murfin, ya kwashe audugar, ya ɗauko tiya ya fara awo da kansa. Ina zaune ina ba yaro nono, na ga yana bin bakin tiya da guntun katako yana shafewa, nan take na gane abin da na yi. Ya zuba ta goma sha shida, geron ya tsaya nesa da baki, tazarar ta fi faɗin tafin hannu. Ya dubi geron, ya dube ni.

"Kulu, mi kinka yi?"

"Awo niy yi."

"Da tozo?"

"Da tozo." Na sunkuyar da kai. "Har da gyara."

Na shirya wa faɗa. Sai ya zauna daɓas a kan buhu ya fashe da dariya, irin tasa mai fitowa daga ciki, har yana riƙe haƙarƙari. "Na ce maki ki shahe bakin tiya! Iska ta, wa za ki saida ma, da kinka yi mata gyara?" Ni kuwa kuka nake yi, haushin kaina da haushin dariyarsa sun haɗu.

Gyaran bai ba shi wuya ba. Ya yanko guntayen katako masu nauyi, ya yi ta mannawa a ciki yana sake awo, har suka cinye daidai abin da na ƙara. Mai wuyar ita ce Inna. Ya ce shi ba zai iya tunkarar ta ba, wanda ya ɓata shi zai je. Na same ta tana tsintar shinkafa, na durƙusa, na kafa baki a kunnenta. Sirri ba ya yiwuwa da Inna, don haka duk gidan da maƙwabta sun ji ni ina ihu cewa ni ce na auna da tozo, akwatin ya yi girma. Ta sa na maimaita. Ta ajiye faifan, ta dube ni, na ga gefen bakinta yana motsi.

"Da gyara?"

Na gyaɗa kai.

"To ai laihina na, ni na koya maki. Ku kawo shi."

Wannan karon ba ta gyara ɗankwali ba. Ta jingina kawai, hannuwanta a cinya. Yaya ya wuce farkon kaset ɗin, inda ya yi 'yar maganar gwaji, ya saki daidai kan Baba. Mahaifinmu yana da wata ɗabi'a, ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, na biyun ya fi na farko nauyi. Na ji su a ƙafafuna ta cikin tabarma. Inna ta zabura, ta ƙara manna bayanta.

"Ga shi nan," ta ce a hankali. "Ga gyaran muryar nan tashi."

Kalmomin ba ta ji su ba, kuma ba ta bukata, ta haddace su tun tana da kunne. Tafiyar maganar take bi, inda yake ja da inda yake tsayawa, leɓɓanta suna motsi tare da shi. Da aka zo wurin 'Yar Wurno ta riga shi murmushi. Yaya ya juya mana baya yana gyara wayar da ba abin da ya same ta.

Shekara huɗu bayan haka ciwon ciki na 'yan kwanaki ya ɗauke shi, yana da sauran ƙarfinsa. Inna ta dawo wurina Rabah, akwatin ya biyo ta a bayan motar albasa. Nakan yi tunanin yadda zai ga zamanin nan, da kowa ke yawo da kiɗa a aljihu, rumfarsa kuma ta koma wurin cajin waya. Ina jin zai yi mita, ya ce an daina sauraro da jiki. Amma na san shi da son sabon abu, kafin mako ya fita zai kwance ɗaya daga cikin 'yan lasifikokin maigidana ya ga abin da ke ciki, ya kuma yi musu sabon gida. Maigidan nawa ya taɓa roƙon a jona akwatin Inna da talabijin, ko sau ɗaya, ya ji yadda fim zai yi. Inna ta ce a gaya masa mutane ne a ciki, ba wurin wasa ba ne.

Mutane, ta ce, ba mutum ba, kuma ga dalili. Bayan an share makoki ta nemi a kunna mata. Hankalina ba ya jikina, na manta ban wuce farkon kaset ɗin ba. Tun kafin in kai hannu ta ɗaga nata.

"Tsaya. Wanga ba babanku ba na." Ta ƙara manna bayanta da katako. "Haliru na. Dariya shikai."

Ashe bayan ya gyara akwatin ya sake ɗaukar maganar gwajin, kuma duk shekarun nan wuce ta muke yi. Daga ranar aka daina wucewa. Yanzu an kwafe muryoyin biyu a waya, amma ta akwatin nan suke fita, da guntayen katakon da ke cike gurbin kuskurena har yau a cikinsa. Gadajen da ya yi wasu sun karye, gidajen kallo sun canza kaya. Abin da ya rage na Haliru wanda hannu ke taɓawa shi ne wannan, kuma kowace Juma'a bayan la'asar tsohuwa tana jingina da shi. Ina kewarsa ƙwarai, har da dariyar da ke ba ni haushi.

Shekara takwas Inna ba ta tambayi abin da yake faɗa ba, ni ma ban gaya mata ba. Sai Juma'ar da ta wuce, da na ce mata watan rasuwarsa ya kama. Ta saurara har dariyar ta ƙare, ta jawo hannuna.

"Wai mi yac ce, kahin shi yi dariya?"

Na kafa baki a kunnenta, na ɗaga murya yadda za ta ji. "Cewa yay yi: ɗaya, biyu, Kulu, gobe ki shahe bakin tiya."

Ta yi tsaki, ta share ido da bakin zane.

"Ƙyale shi. Mu ba mu awo shahe." Ta gyara zama, ta manna bayanta. "Maida shi hwarko."