Ɗumin Rumfar Mazarƙwaila

Ƙanwata ta fara fuka ne a shekarar da ta shiga aji biyu, zamanin sojoji, lokacin da sabulu da madara suka zama sai an yi layi. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Dandamisa, inda duk mai fadama rake yake nomawa. Bayan gidanmu Baba yana da rumfar mazarƙwaila. Doki ya wuni yana zagaya injin matsa, ruwan rake na tafasa a manyan kasake, ana ta cusa busasshiyar tuƙar rake a wuta. Hayaƙin wurin fari ne mai kauri, da ɗan zaƙi a maƙogwaro, kuma mu yara muna son sa.

Idan ciwon ya taso mata, sai ta dafa gwiwoyi ta sunkuya, ƙirjinta na kuka kamar ɗan kyanwa. Yarinya ce mai tsiwa, ga ƙaton ciki a kan ƴan siraran ƙafafu. Nakan tsokane ta da mai tulu, ita kuma ta jira numfashinta ya dawo ta rama da wadda ta fi zafi. Ba ta taɓa yafe mini ko ɗaya ba.

A gidanmu ciwon ƙirji sunansa ɗaya, sanyi. Kakarmu ce ta yanke wannan hukunci, kuma ba a ɗaukaka ƙara a gabanta. Da ta ji labarin ajin su ƙanwata, sai ta ce ai ta gano bakin zaren. Gaskiya ajin abin tausayi ne. Tagogi sun fita, ƙofa babu, iska ta yaye rabin kwano ba wanda ya zo gyarawa, yara na zaune a kan dandamalin siminti da ya farfashe. Kaka ta ce wa Baba, “Ka ajiye yarinya a wannan kangon da sassafe, sannan ka ce kana neman lafiyarta? A cire ta. A kai ta inda jikinta zai yi ɗumi.”

Ba inda ya fi rumfar mazarƙwaila ɗumi. Aka shimfiɗa mata tabarma daf da murhu, aka sa mata rigar sanyi, Inna ta ƙara mata zane a kai. Tun hantsi take nan har la'asar. Duk wanda ya wuce sai ya yaba yadda ake tattalin ta, kuma tattalin ne, ba zan ce ba a so ta ba. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai.

Malamarsu, wata mata daga kudancin Kaduna, ta biyo sawu wata ranar Asabar. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta tambayi gajiya da iyali da aiki, har da lafiyar doki, sannan ta dubi tabarmar. Hayaƙi ya sa idanunta ja.

“Baba, yarinyar nan a aji ba ta yin wannan kukan ƙirjin kamar haka,” in ji ta. “Ku ba ni ita ta dawo, ni zan zaunar da ita a rana.”

Baba ya yi dariya, ba ta raini ba. “Malama, a cikin hayaƙin nan aka haife ni, a cikinsa na yi gemu. Kin ga ina tari?” Ya naɗe mata mazarƙwaila a ganye, ya raka ta har bakin hanya.

Ba a daɗe ba tari ya sarƙe ƙanwata a gabana, ta yi kakari, sai ga macijin ciki ya faɗo kan tabarma yana motsi. Na ƙwalla ƙara na ruga. Kaka kuwa murna ta yi, ta ce ɗumi ne ya koro ciwon waje. Baba dai hankalinsa bai kwanta ba, ya ɗora ta a keke zuwa wani ɗakin shan magani. Ya dawo ya ce kantocin wurin wayam, ko na ciwon kai babu. Mutumin da ya duba ta ya ce tsutsa ta yi mata yawa, har takan bi ta huhu ta sa tari, a sayi magani a kemis, a sa mata takalmi, a kuma raba ta da hayaƙi. Baba ya sayo na tsutsa. Maganar hayaƙi ya bar ta a can, don ba ta shiga kansa ba.

Cikin ya saɓe kaɗan, amma ƙirjin bai saki ba. Ta daina rama tsokana. Wata rana na kai mata kunu, ta kama bakin zanena ta ce, “Yaya, in kin je makaranta ki ce wa Malama kar ta ba wani wurina.” Sai da ta huta a tsakanin kalmomin kafin ta ƙarasa. Na ce to, na juya baya don kar ta ga fuskata.

Ranar da abin ya yi tsanani da azahar ne, ana tsakar dahuwa. Leɓenta ya yi duhu, kukan ƙirjin ma ya ɗauke, sai kafaɗu kawai ke ɗagawa. Baba ya bar kasko a wuta ya sungume ta zuwa bakin titi. Mai ya yi wahala a lokacin, motoci ba su cika wucewa ba, su Baba suka daɗe a tsaye kafin wata akori-kura mai ɗaukar rake ta tsaya. A bayanta suka hau, iska na kaɗa su. Ba su kai asibitin Maƙarfi da ita ba.

Da mata suka cika gida zaman makoki, na ji Kaka tana faɗa musu cikin kuka cewa iskar bayan mota ce ta ƙarasa ta, da an bar ta a ɗuminta da ta farfaɗo kamar kullum. Kowa ya gyaɗa kai. Malama ta zo ta yi gaisuwa, ta ce Allah Ya ba da haƙuri, ta zauna can gefe. Ni ina jin kamar in fasa ihu, amma yarinya ce ni, ban san ma wa zan yi wa ihun ba.

Da rake ya sake nuna, autanmu ya tashi wata safiya yana tari, da ɗan siririn sauti a ƙarshensa. Inna ta kasa kunne a ƙirjinsa. Ta naɗe shi da zane biyu, ta saɓa shi a kafaɗa ta nufi rumfar mazarƙwaila da sauri, tana cewa wannan kam ba za ta bari sanyi ya taɓa shi ba.