Malaga ko Lisbon

Shekarar da ɗana ya gama karatun digirinsa na biyu a Jamus, ya kira ni wata Laraba ina tsaka da tsince shinkafa a gidana na Talata Mafara. Ya ce takardun zuwana bikin kammalawa sun fito. Ya ce kuma wurin da yake aiki za su ba shi hutun kwana huɗu, kuma yana so ya kai ni in ga teku, tunda garinsu babu ko ƙamshinta. Garuruwa biyu ya ware, Malaga a ƙasar Sifen da Lisbon a Fotugal.

"Inna, ke za ki zaɓa," in ji shi. "Amma Juma'a ta sama za a rufe jerin masu hutu. In ban sa ranaku na yanki tikiti ba, sai a ba wani."

Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Bakolori ba, abin ya shiga raina sosai. Ya turo hotuna a waya, na yi ta kallo har shinkafar ta sha rana.

Shekara talatin na yi ina aikin ungozoma. Na sha yanke hukunci a kan rai biyu cikin minti ɗaya ban tambayi kowa ba. Amma da aka ce in zaɓi wurin yawon kwana huɗu, sai na yafa mayafi na nufi tasha. A wajenmu in ka riga ka yanke abu ka je wa babba sallama, addu'a zai yi maka ka tashi. In kuwa ka kai masa abin ɗanye, duk abin da ya faɗa ya zauna, tsallake shi raini ne. Na san wannan sarai, kuma na je da abin ɗanye.

Na fara da Bakura, wurin yayana, malami ne mai karantar da manyan littattafai a zaurensa. Mun gama gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi maƙwabta, ya tambayi ciwon gwiwata, sannan na miƙa masa wayar. Da ya ji Malaga a Sifen take, sai ya gyara zama.

"Andalus ke nan! Ke, wanga har tambaya yake so? Ƙasar da malamai sunka zauna sunka rubuta littattafan da muke karantarwa? Can za ki. Ki tsaya bakin ganuwarsu ki yi musu addu'a, ki zo ki hwaɗa mini yadda take."

Idonsa har ya kawo ruwa. Na ce to, Yaya. Da na tsaya nan da an wuce wurin.

Sai dai mijina ya rasu, kuma yayarsa tana nan da ranta a Maradun. Ita ta yi wa yaron wankan jego, ita ta goya shi lokacin da nake kwana asibiti. In ta ji an kai maganar ɗan ƙanenta Bakura ba a kawo mata ba, na san ba zan sha ruwan gidanta da daɗi ba. Ranar Lahadi na shiga mota, muka bi hanyar nan da kowa ke bi da addu'a a bakinsa.

Ta karɓi wayar ta kai ta kusa da hanci. A hoton Malaga mutane ne kwance bakin ruwa, kowa da ɗan ƙyallen da bai isa goge kwano ba. Na Lisbon kuwa rufin gidaje ne ja da wata mota rawaya mai bin dogo.

"Subhanallahi! Mi ag ga wanga? Nan za a kai matar ƙanena? Wallahi ba da ni ba. Ku tahi wancan mai mota, mutanensu da tufafi."

Na ce mata can ma akwai bakin ruwan, kuma Turawan duk ɗaya ne. Ta ce ita abin da idonta ya gani take magana a kai.

Na dawo gida kaina ya yi nauyi. In na ce Malaga, na zaɓi dangina na watsa wa dangin uban yaro ƙasa a ido. In na ce Lisbon, na nuna wa yayana maganar dangin miji ta fi tasa. Mutum biyu da ba su taɓa taka filin jirgi ba sun raba Turai a tsakaninsu, ni da za ta yi tafiyar ina tsakiya kamar akuyar da aka ɗaure da igiya biyu. Haushin kaina ya fi na kowa ci na.

Ranar Talata na koma Bakura, wai ko Yaya zai sassauta. Na tarar ya riga ya shaida wa ɗalibansa ƙanwarsa za ta Andalus. Ranar Laraba goggon yaron ta aiko mini da man shanu a kwalba, da saƙon cewa in ci a Lisbon. Ɗana ya kira sau uku, ina ce masa ana nan ana dubawa.

Ranar Juma'a na ce masa, "Kai dai ka zaɓa, ka ce kai ka zaɓa. Ka hutar da ni."

Ya ƙi. Ya ce shi ba Kawu ya tambaya ba, ba Goggo ya tambaya ba. Ya ce in kira shi in na yanke, yana jira har a tashi aiki. Na zauna da wayar a cinya har aka kira la'asar, ban kira ba.

Na je Jamus. Na ga ɗana cikin rigar kammala karatu, na yi kuka na gode wa Allah. Kwana huɗun nan kuwa abokin aikinsa ya samu. Shi yana fita da safe, ni ina zaune a ɗakinsa a hawa na biyar ina kallon wurin ajiye motoci, ina dumama tuwon da na tuƙa da garin semo.

Ranar komawata, muna layin auna kaya a filin jirgi, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Inna, yanzu ba kowa nan. Wanne kinka so?"

"Lisbon," na ce, tun bai rufe baki ba.

"Tun yaushe?"

"Tun ran da ka turo hotunan."

Ya gyaɗa kai, ya ɗora akwatina a kan ma'auni. Ya raka ni har ƙofar da masu rakiya ke tsayawa, muka rabu a nan ban ba shi haƙuri ba.